Maman Sani Ashirin da Uku

Tasawa, Asabar 9 ga Nuwamba 2024, ƙarfe goma da minti ashirin na safe.

Ina rubutu daga cyber, shagon intanet ɗin da ke kusa da tasha, da hannun hagu, domin na dama yana ɗaure.

Zuwa ga Yaya Zara'u, a Dakar.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Ya jikin Balkisu da zazzaɓin haƙoran? Inna tana lafiya a Mayahi, ƙafar ta yi sauƙi har tana fita kasuwa. Ba ta san abin da zan faɗa miki ba, don Allah kada ki kira ta.

Rabona da ganinki shekara goma sha ɗaya, kuma na san zumuncin namu na nesa ne, kakata Asiya da kakanki Bello ne suka haɗa mu. Amma a dangi ke kaɗai kika bi hanyar da nake bi, tattalin arziki haɗe da ilimin ordinater, wato kwamfuta, kuma ke kika sa hannu a takardar da ta sa aka ɗauke ni binciken nan bayan na gama master. Ke ya kamata ki fara ji.

Kin san tambayar binciken: in manomi yana samun farashin tiyar hatsi na kasuwannin Tasawa, Baudeta da Gidan Amumune a salularsa kowace safiya, zai daina sayarwa da arha da kaka? An ba ni salula arba'in. Tudun Jibo, cikin komin, wato ƙaramar hukumar Hawandawaki, gida ɗari biyu da goma sha biyu ne. Dole a yi ƙuri'a. Na rubuta ɗan program da zai zaɓi arba'in ba tare da hannun kowa ba.

Ranar Alhamis 7, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar, a gindin gawon ƙofar maigari, na danna, sunaye suka fito, na karanta. A garin akwai unguwar Kirista mai gida tara. Bakwai daga cikinsu suka fito. Ɗaya shi ne Yunana, dattijon da nake shan fura a gidansa, wanda ranar Litinin ya ba ni zabo a gaban mutane.

Da fari dariya aka yi. Isiyaku mai awon hatsi ya ce, "Malam, injin naka shi ma coci yake zuwa?"

Wani daga baya ya ɗaga murya: "To ko Maman Sani guda babu? Garin ga in ka jefa tsakuwa sama, kan Maman Sani za ta sauka!"

Na ce, "Inji bai san kowa ba. Ba shi da dangi, ba shi da addini."

"Amma yana cin zabo!"

Daga nan dariyar ta ƙare. Ƙarfe goma sha ɗaya da arba'in dutsen farko ya bugi tebur. Na san lokacin domin ina kallon ordinater. Aka kife teburin, kwalin salula ya fashe, mutane suka auka masa. Na kwanta bisa ordinater. Wani ya taka hannuna da takalmin taya, sau biyu, na biyun da gangan.

Yunana ya shigo tsakiya hannunsa a sama yana cewa, "Ku tsaya, na mayar! Ba ni so, ku ba wani!" Aka sauke masa ƙotar hauya. Ya kare kai da hannu. Yaya, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake kwance. Ya faɗi, aka ci gaba da shurinsa. Maigari yana ihu ba mai jinsa. Daga nan taron ya juya unguwarsu, aka sa wa rumbu biyu wuta. Na Yunana dami sittin da uku ne a ciki, ni da kaina na rubuta adadin a makon jiya. Liman ya fito ya kwashe matar Yunana, Lidiya, da sauran mata zuwa gidansa, ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa bisa cinya. Ba don shi ba ban san inda abin zai tsaya ba.

Hannun Yunana ya karye wuri biyu, haƙarƙari uku. Yana kwance nan Tasawa. Ni yatsu biyu, da ɗinki biyar a gira. Ba abin da ya samu ordinater.

Na yi lissafi jiya. Bakwai cikin tara yana iya fitowa kamar sau ɗaya cikin dubu bakwai. Abu ne mai wuya, amma yana yiwuwa. Ban ci amanar kowa ba. Zabon ma ban ci ba, yana ɗaure a gidan da nake haya.

Ranar Juma'a 29 za a rufe karɓar takardun bursin doktora, wato tallafin karatu, kuma aikin nan shi ne ƙashin bayan nawa dosiye, takardun da zan miƙa. Mi zan yi?

Ƙanenki,
Abdul Razak

*

Dakar, Litinin 11 ga Nuwamba.

Taubashi,

Wa alaikumus salam. Sannu, sannu. Allah ya ba Yunana lafiya, ya ba ka. Na karanta saƙonka a tsaye cikin kicin har miya ta kama. Balkisu ta warke, yanzu cizo take da haƙoran. Ba zan kira Inna ba, amma ka san Mayahi, kafin Juma'a wani ɗan kabu-kabu zai kai mata labari da ƙari. Gara ta ji daga bakinka.

Kai kuma, mutane na gudu da rai, kai ka rungume ordinater? Tun kana ƙarami haka kake. Na tuna ranar bikin nan da ka zauna kana ƙirga baƙi a bayan kwalin sukari, ka zo ka gaya mana an yi ƙarya, ba su kai ɗari uku ba.

Yanzu maganar aiki. Sau ɗaya cikin dubu bakwai? Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan yana cewa yana yiwuwa, da na kore shi ya koma ya duba. Kuma mutumin da ya yi maganar Maman Sani ya fi ka lura. Buɗe program ɗin ka bi shi layi-layi. Bayan kowane layi ka tambaye shi gida nawa suka rage.

Gobe da asuba zan tafi ƙauyukan gabas da ɗalibai, kwana tara, babu rezon waya. Abu ɗaya zan bar maka. Komai ka gano, ka tsare sunanka. A aikin nan namu suna kaɗai muke da shi, in ya tafi ba ya dawowa.

Ka ci abinci. Ka saki zabon nan ko ka yanka shi.

Yayarka,
Zara'u

*

Tasawa, Talata 12 ga Nuwamba, ƙarfe uku da rabi na yamma.

Yaya Zara'u,

Ina gaisuwa. Kumburin hannun ya ragu. Na kira Inna na ce mata na faɗi daga moto. Na san kina hanya, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Na bi shi layi-layi. Layi na arba'in da bakwai ne.

Kafin wannan layin, gida ɗari biyu da goma sha biyu. Bayansa, sittin da takwas.

Ga yadda aka yi. Safiyar ranar na ga magatakardan maigari ya rubuta gida biyu sau biyu-biyu. Batir ya kusa ƙarewa, mutane sun taru. Na ƙara layi ɗaya a gaggauce, na ce wa inji: duk sunan da ya fito fiye da sau ɗaya, ka cire shi. Na manta in ce ya dubi sunan uba da unguwa. Sunan fari kawai ya duba.

A Tudun Jibo akwai Maman Sani ashirin da uku. Oumarou goma sha bakwai, Isiyaku goma sha biyu, Mamudu tara, haka nan har gida ɗari da arba'in da huɗu. Inji ya ɗauka mutum ɗaya ne aka yi ta maimaitawa, ya share su duka tun ba a fara ƙuri'a ba. Oumarou ɗaya ne ya tsira, domin an rubuta shi Oumaro, an manta harafin ƙarshe. Shi ma ya samu salula. Yunana kuwa guda ne a garin. Gamaliyel ƙanensa guda ne. Duk gidajen taran sunayensu ba su da abokin tarayya, duka suka shiga ƙuri'a. Bakwai cikin tara a cikin sittin da takwas ba abin mamaki ba ne.

Ni da na tashi a Mayahi, da a ajinmu na lakwal, makarantar boko, akwai Maman Sani huɗu, malam yana kiransu da dogo, gajere, na kasuwa da na liman. Ni na rubuta wannan layin.

Na fita bayan cyber na wanke fuska. Sannan na dawo na sake karanta wasiƙarki, na gane abin da kike nufi. Na tsare sunana. Ban faɗa wa kowa ba. Farfesan da ke kula da binciken kuwa na rubuta masa cewa an samu tashin hankali saboda rashin fahimta. Na duba kalmomin ɗaya bayan ɗaya, babu ƙarya a ciki. In ya ji gaskiyar yanzu zai janye sa hannunsa, na san shi, ya taɓa cire mutum saboda waƙafi. Kwana goma sha bakwai ne kawai zuwa 29. Da zarar dosiye ya shiga zan koma garin in faɗi komai. Abin da ya ƙone ya riga ya ƙone, jinkirin ba zai ƙara komai ba. Ko ba haka ba?

In kin samu rezo ko na minti ɗaya, ki ce mini e.

Abdul Razak

*

Maradi, Laraba 20 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya da minti goma na rana.

Yaya Zara'u,

Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Ba amsa, kwana takwas. Ina rubutu da salular wani ma'aikacin jinya, a barandar babban asibiti.

Zan jera miki yadda suka faru.

Ranar 13 jandarma suka tafi da mutum huɗu saboda ƙona rumbu. A garin aka ce Kirista sun sayi inji da zabo, yanzu kuma sun sa an ɗaure musu ƴan'uwa.

Ranar 14 na je duba Yunana. Yana jingine, numfashi yana yi masa wuya. Ya yi mini murmushi ya ce, "Malam, zabon ya yi ƙiba?" Na ce yana nan. Ya ce, "Shekara hamsin da takwas ina garin ga. Da ni aka haƙa rijiyar masallaci. Yau an ce ni mai toshiya ne." Sannan ya kama hannuna mai lafiya. "Kai da ka yi karatu, hwaɗa mini. Injin ga yana kuskure?"

Na ce, "Ana dubawa, Baba."

Ranar 16 aka yanke wa Lidiya igiyar guga a bakin rijiya, wata ta mare ta. Yanzu daga tafkin dabbobi suke ɗibar ruwa.

Ranar Litinin 18, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Gamaliyel yana dawowa daga Baudeta a amalanken da sa yake ja, matarsa Léa tana bisa kaya. A kwarin da ke kafin garin mutum uku suka tare su, fuskokinsu a naɗe da rawani. Suka jawo shi ƙasa. Suka ce ina salular. Ya ce bai karɓi komai ba, kuma gaskiya ne, babu wanda ya karɓa, ranar aka wawashe su. Biyu suka riƙe shi, na ukun ya yi ta dukansa da gora a kai. Léa ta ce ta ƙirga har shida sannan ta daina gani. Ta faɗa kansa, aka jefar da ita. Ta ce jinin ya sauka cikin yashi bai ko tsaya ba. Sai ɗaya ya ce wa mai gorar, "Maman Sani, ya isa! Ya isa haka!" Suka gudu.

Ita ta kora san har gari, mijinta kwance a baya. Daga Tasawa aka turo shi nan. Ƙashin kai ya tsage. Bai farfaɗo ba.

Jandarma sun tambaye ta wane Maman Sani. Ta ce, "Wane? Ku gaya mini ku, wane?"

Ɗazu ta gan ni a baranda. Na ɗauka za ta zage ni. Ta matsa mini wuri a tabarma ta ce, "Zauna, malam, kai ma sun ji maka. Laifin mi muka yi, ni da kai?" Ta miƙo mini ruwa. Na sha.

Yaya, saura kwana tara. Na tsare sunana kamar yadda kika ce. Amma ban san ko zan iya kai wa 29 ba.

Abdul Razak

*

Dakar, Alhamis 21 ga Nuwamba.

Abdul Razak,

Na shigo gida ɗazu, ko takalmi ban cire ba. Muna lafiya. Allah ya tashi kafaɗar Gamaliyel. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Innalillahi. Ni na ce ka yi shiru? Ni? Koma ka karanta. Na ce ka tsare sunanka. Sunan mai bincike shi ne a ce in ya faɗi lamba gaskiya ce, in ya yi kuskure shi zai fara faɗa. Wannan nake nufi. Kai ka ɗauki sunan da ake bugawa bisa dosiye. Ka karanta abin da kake so ka ji, ka kuma sa shi a bakina.

Amma ni ma ina da nawa. Na san kai mai tsoro ne, na san kana bin magana harafi-harafi kamar injin naka, na bar maka jimla mai fuska biyu na shiga mota. Wannan zan ɗauka.

Layi na arba'in da bakwai kuskure ne, kowa yana yi. A shekarata ta uku ta doktora na gano na haɗa farashin buhu da na tiya a kasuwa goma sha ɗaya. Takardar ta riga ta fita, an yaba. Na rubuta na janye ta. Na yi asarar shekara biyu, wani ya samu kujerar da nake nema, har yau yana kanta. Ban mutu ba. Kuma nawa kuskuren bai karya hannun kowa ba.

"Ana dubawa, Baba." Wannan ba kuskure ba ne. Ka san haka, shi ya sa ka rubuta mini shi kalma-kalma.

Ga abin da za ka yi. Gobe ka rubuta wa farfesa komai, har da ranar da ka gano. Ka je wurin Yunana kafin kowa. Sannan garin. Kada ka tafi kai kaɗai, ka bi ta jandarma, ka aika wa maigari da liman tun da wuri. Kada ka yi musu faransanci, kada ka ce inji. Ka ce ni.

Ba zan yi maka alkawarin bursi ba. Sa hannuna yana kan takardarka, ni ma za a tambaye ni, zan amsa.

Ina jin tsoro, taubashi. In wani abu ya same ka ban san da wace fuska zan shiga Mayahi ba. Duk da haka ka tafi.

Zara'u

*

Tasawa, Litinin 25 ga Nuwamba, ƙarfe tara da kwata na safe.

Yaya Zara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Ina raye. Idon hagu a rufe yake, an ce zai buɗe. Inna ta zo jiya, ta ji komai, ba ta yi mini magana ba tukuna, sai dai ta dama mini kunu. Ki yafe mini abin da na sa a bakinki.

Juma'a 22, ƙarfe takwas na safe, na aika wa farfesa. Ƙarfe huɗu ya amsa. Ya janye sa hannunsa, dosiyena ba zai shiga bana ba. Ya ƙara layi ɗaya: in rubuta rahoton abin da ya faru ba tare da rage komai ba, zai karanta.

Daga cyber na wuce wurin Yunana. Na faɗa masa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan Oumaro har ya so ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana. Sai ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun goma sha biyu ga wata."

"Ranar da ka zo nan ka sani?"

"Na sani."

Ya ɗaga hannun mai lafiya ya fara lanƙwasa yatsu, sha uku, sha huɗu, sha biyar. Yatsun suka ƙare a sha bakwai, jajibirin ranar da aka doki ƙanensa. Ya dubi hannun da ke cikin filasta, ya dube ni. Ya juya fuska bango. Na zauna minti ashirin, bai juyo ba.

Asabar 23 na tafi Tudun Jibo da jandarma biyu. Maigari ya tara mutane bayan azahar, a gindin gawon nan. Ƴan unguwar Kirista suna tsaye can gefe, kusa da liman. Ban zo da ordinater ba. Ƙwarya na ara, da tsakuwa ɗari biyu da goma sha biyu da na tsince da safe.

Na ce, "Duk mai suna Maman Sani ya tashi tsaye."

Suka dubi juna. Ɗaya ya tashi, sai uku, sai sauran. Na ƙirga, ashirin da uku cif, babu wanda ya yi fashi. Na ɗebo tsakuwa ashirin da uku na zubar a ƙasa. Na kira Oumarou, na zubar da goma sha bakwai. Isiyaku, Mamudu, haka har ƙwaryar ta kusa zama wayam, fiye da rabin taron yana tsaye.

Na ce, "Duk wanda yake tsaye, sunansa bai shiga ƙuri'a ba. Ni na zubar da ku tun ba a fara ba. Na ga suna ɗaya sau da yawa, na ɗauka mutum ɗaya ne. Yunana bai roƙe ni komai ba. Gamaliyel ko magana ba mu taɓa yi ba. Ga zabon, na dawo da shi."

Isiyaku mai awo, yana cikin na tsaye, ya ce, "Wato duk karatun ga naka, ba ka san ana raɗa wa yara biyu suna guda ba?" Wasu suka yi dariya, gajera. Wani Maman Sani tsoho ya zauna ya rufe fuska da hula.

Liman ne ya tambaya, a hankali. "Yaro, yaushe ka gane?"

Da na ce jiya, da an tashi lafiya. Na ce, "Kwana goma sha ɗaya ke nan."

Wanda ya fara zuwa wan ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure ne. Ya ce, "Ƙanena yana kaso, kai kana Tasawa kana shan iska!" Ya buge ni da ƙwaryar, ta fashe a fuskata. Jandarma suka riƙe shi, amma wasu sun zagayo ta baya. Na faɗi bisa tsakuwoyin. Sanda a baya, sanda a ƙeya, ƙafa a ciki. Wannan karon daga ɓangare biyu ne, na ji muryar ɗan Yunana a ciki, kuma ban ga laifinsa ba. Jini ya rufe mini ido. Na daina karewa.

Sai wani ya faɗo kaina da dukan jikinsa. Na ji sanduna suna sauka a bayansa, yana nishi. Ya ɗaga ni kamar dami ya kutsa da ni. Ana ihu, "Maman Sani, sake shi! Maman Sani!" Bai sake ni ba sai cikin zauren liman. Ya ajiye ni, yana haki. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Mi ya hana ka zuwa kahin Litinin?" Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Kafin in share ido ya fita.

Abin da aka yanke bayan an fitar da ni, liman ne ya aiko mini: ranar Laraba za a yi gayya a sake gina rumbunan biyu, kowane gida ya kawo dami. Lidiya ta ɗebi ruwa a rijiya jiya, wata ta ara mata guga.

Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan sa'a:

Ɗaya. Ko Gamaliyel zai farfaɗo. Léa ta aiko cewa ya motsa yatsun ƙafa ranar Lahadi. Lokotoron da ke duba shi a asibiti bai ce komai ba. Ta aiko saƙon ne kafin ta ji abin da na faɗa a garin.

Biyu. Gida nawa za su kawo dami. Maigari ya ce duka. Liman ya ce a jira Laraba.

Uku. Ko hannun Yunana zai riƙe hauya da damina, da ko zai sake juyowa in na shiga.

Huɗu. Inda salula arba'in suke. An ga uku a Baudeta.

Biyar. Ko zan sake neman bursi baɗi, da ko akwai wanda zai sa hannu. Ko ya kamata ma a sa.

Shida. Wane Maman Sani ne ya ɗauke ni. Na roƙi liman ya tambaya don in yi godiya. Ya bi su gida-gida, su ashirin da uku. Kowa ya ce ba shi ba ne.

Bakwai. Ko shi ne na ranar Litinin, mai gorar da ya doki Gamaliyel. Jandarma za su zo ɗaukar bayanina ƙarfe goma sha ɗaya, saura awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Zan faɗa musu abin da ya ce mini, kalma-kalma, da yadda muryarsa ta yi. Ban san ko mutumin da ya karɓi sanduna domina zan miƙa musu ba.

Ƙanenki,
Abdul Razak